Masakin da Ban Mayar wa Kaka Ba

Ranar sadakar uku, da hantsi, wata mata ta shigo gidanmu na Argungu da ƙwarya a kanta. Daga ƙetaren gulbi ta fito, ƙafafunta duk laka. Tun daga zaure take ɗaga murya irin ta wanda ya saba da gida: "Tsohuwa, ga ni kuma da ɓarna!" Sai da ta kai tsakar gida ta ga tabarmi a shimfiɗe, ta ga mata jere da carbi, ta ga mahaifiyata da jajayen idanu. Ta sauke ƙwaryar a hankali, ta dubi tsagar da ke gefen ƙwaryar, ta dubi ƙofar ɗakin Kaka a rufe. Ta zauna a ƙasa, ba ta ko nemi tabarma ba. Ta ce, "Daga Allah muke, gare Shi za mu koma. To ni yanzu wa za ni kai ma?"

Matan da suka daure tun safe, a nan suka kasa.

A waje, wurin maza, wani tsohon masunci ya ce shekara da shekaru yana kwanciya a kan gora yana ratsa gulbi, kuma goran nan sau biyu yana tsagewa, sau biyu Kaka tana ɗinke shi. "Raina nike ɗorawa bisa ɗinkinta," in ji shi, "ban taɓa shan ruwa ba." Wani maƙwabci ya ce shi bakinta zai fi tunawa, domin ba ta taɓa gyara masa abu ba tare da ta wanke shi tas ba. Aka yi 'yar dariya. Na ji wata budurwa cikin masu rabon gumba tana raɗa wa 'yar uwarta, "Allah sarki, ta tafi ta bar ɗaki cike da sakaina." Kawu, ƙanen mahaifiyata, wanda nake zaune a gidansa a Nassarawa ta Birnin Kebbi ina karatun kwaleji, shi ya kawo farantan roba da aka raba sadakar a ciki. Sau uku ina ganinsa ya nufi ƙofar ɗakin mahaifiyarsa, sau uku yana juyowa.

Ni kuma ina zaune ina amsa gaisuwa da "amin, amin", da wani abu a raina wanda ban gaya wa kowa ba. A ƙarƙashin gadona a Birnin Kebbi akwai wani buhu. A cikinsa akwai masakin Kaka, ya fashe gida biyar. Shekara ɗaya da rabi yana nan. Na gaya mata ya ɓata, kuma ta rasu ban warware maganar ba.

Ina rubuta wannan ne don kada a manta da ita, kuma don in faɗi abin da na kasa faɗa a gabanta.

Kaka, mahaifiyar mahaifiyata, ɗinkin ƙwarya take yi. Ba sana'a ta ɗauke shi ba, ba ta yawo da shi unguwa-unguwa. Tana zaune a gindin rumfarta, da ɗan kasko na garwashi, da tsinken ƙarfe, da basilla, da kaba da ta tsaga siri-siri ta jiƙa a ruwa don ta yi laushi. Ƙwarya, ludayi, ƙoƙo, goran masunta, akushin da ya tsage, faifan da bakinsa ya warware, duk kawo mata ake yi. Ta ɗora tsinken a wuta, ta huda gefen nan, ta huda gefen can, ta ja kaba, ta shafe tsagar da ƙaro. Ba ta ɓoye ɗinki. Tana cewa abin da aka gyara bai kamata ya yi kamar bai taɓa fashewa ba, wannan ƙarya ce.

Tana da doka ɗaya da ba ta taɓa karyawa ba. Kafin ta taɓa tsinke sai ta tambayi mai kaya, "Ƙaƙa anka yi ta fashe?" In ba ka faɗa ba, ba ta hudawa. Mutane sun ɗauka son jin gulma ne. Ita kuwa ta ce ƙwaryar da ta faɗo daga kai daban take tsagewa da wadda aka taka, daban da wadda rana ta busar. In ba ta san ta inda ƙarfin ya shiga ba, za ta huda inda bai dace ba, tsagar ta ci gaba a ƙarƙashin ɗinkin. Kuma in ka yi mata ƙarya, ƙwaryar da kanta za ta tona ka.

Akwai wata matashiyar mata a bayan layinmu da ta kawo ƙwarya ɗaya sau uku cikin wata guda. Kullum sai ta ce akuya ce. A karo na uku Kaka ta juya ƙwaryar, ta juya, ta ce, "Wagga akuya taku hannu gare ta, kuma bango take jifa da shi." Matar ta sunkuyar da kai. Kaka ba ta ƙara tambayarta komai ba. Ta yafa mayafi, ta ɗauki ƙwaryar da kaskonta da kabarta, ta tafi har zauren mijin. Ta same shi da abokansa. Ta ce, "Ɗana, idona ya yi rauni, riƙe mani nan." Ta sa shi ya riƙe gefe biyu na tsagar a haɗe, tana huda ɗaya, tana hutawa, tana tambayarsa lafiyar mahaifiyarsa, tana huda ɗaya. Ɗinkin da take gamawa kafin tuwo ya nuna, ranar sai da ya kai daga azahar har la'asar. Hannunsa ya sage, abokansa suka zame ɗaya-ɗaya. Da ta gama ta ce, "Ka ga wahalar haɗa abu? Fasawa kam ko yaro na iyawa." Ba ta ambaci matarsa ba ko sau ɗaya. Ƙwaryar nan ba ta sake dawowa ba. Matar tana cikin waɗanda suka fi kowa kuka ranar uku.

Ba zan ce Kaka mai sauƙin zama ba ce. Tana da taurin kai, kuma harshenta ya fi tsinkenta zafi. Akwai ludayin da ta ɗinke har ɗinkin ya fi ludayin yawa, duk gidan muna jin haushinsa, amma wa zai ce a yar?

Rigimarta mafi girma da Kawu ta yi. A shekarun can da muke Jihar Sakkwato, lokacin da roba ta fara cika kasuwa, ja da kore da shuɗi, Kawu ya samu aikin ofis. Ya zo gida da kaya niƙi-niƙi: bokitai, kofuna, kwanoni, duk na roba. Ya tarar ta tafi barka. Sai ya sa aka kwashe duk wani abu mai ɗinki a ɗakinta aka zuba a juji bayan gida, aka jera sababbin. Da kyakkyawar niyya ya yi. Kuma bai yi ƙarya ba, roba ba ta da nauyi, ga bayan Kaka ya fara ciwo.

Da ta dawo ta ga abin da aka yi. Ta fita juji, a gaban duk mai wucewa, ta riƙa tsinto kayanta ɗaya bayan ɗaya tana kaɗe musu toka. Kawu ya biyo ta yana magana ƙasa-ƙasa.

"Iya, don Allah ki rufa mani asiri. Mutane za su ce ɗanki na aikin gwamnati, ke kina shan ruwa ga ƙwarya mai ɗinki."

Ta miƙe, ta dube shi. Ta sa yatsa ta taɓa tabon da ke goshinsa.

"Kai ma ɗinki gare ka. Ran da ka faɗo daga kwalekwale ka tsage goshi, juji na kai ka?"

Kawu bai yi dariya ba. Ya koma Birnin Kebbi ranar, ya yi wata uku bai zo ba. Da ya zo, ya tarar ta raba robobin ga maƙwabta, ta bar ɗaya tak, wani ɗan jan kwano. A cikinsa take jiƙa kabarta. "Ka ga," ta ce masa, "na sama mashi aiki." Iyakar sulhunsu ke nan, kuma ya ishe su. Ta taɓa gwada liƙe tsagaggen bokitin roba da wuƙa mai zafi, hayaƙin ya sa ta tari har hawaye. Ta ture shi gefe ta ce, "Wanga abu bai tsufa, mutuwa kawai ya iya."

Ni kuwa mijinta ne, kamar yadda kowace kaka take mayar da jikanta. Tun ina ƙarami ba ni da magana, in baƙo ya shigo sai in nemi bayan ƙofa da littafina. Ita kaɗai ce ba ta taɓa cewa in canza ba. In na zo hutu sai ta ce, "Maraba da maigida! Mi anka kawo mani? Littafi? To da wane mai za a soya shi?" Ba na iya ramawa, sai ita ta rama mini da kanta, ta kwaikwayi muryata, ta ba kanta amsa, ta yi ta dariya. Tana son yadda nake jera abubuwa. Takan ce, "Wanga miji nawa, ko tsinke ya aje sai ya daidaita mashi kai."

Abin da ta fi ji da shi a duniya shi ne masakin, wata babbar ƙwarya mai faɗi wadda ta gada daga mahaifiyarta. A cikinsa ake yi wa duk jaririn da aka haifa a zuriyarmu wanka, daga ranar haihuwa har arba'in. In 'ya ko suruka ta haihu a wani gari, masakin zai tafi, in an yi arba'in ya dawo. Ya sha fashewa, ya sha ɗinki, kuma kowane ɗinki ta san na wane ne. Takan kifa shi a cinyarta ta bi su da yatsa. "Wanga na Kawunka na, jaki ya taka shi ranar suna. Wanga na yayarka. Wanga ɗan gajere naka na, uwarka ta ji ka yi atishawa ta zabura ta buge shi da gwiwa. Kai kana karatu ga takarda, ni ga nawa littafi."

Matar Kawu ta haihu, masakin ya zo Nassarawa. Da aka yi arba'in, aka ce ni zan mayar da shi, tunda ina zuwa Argungu ranar Juma'a. Saƙon Kaka ya riga ya iso tun tuni: duk wanda zai kawo shi, ya riƙe shi a cinya, kada a ɗora shi a saman mota.

Na isa tasha da shi a naɗe cikin tsohon zane. Na shiga mota, na ɗora shi a cinya kamar yadda aka ce. Sai ga 'yan ajinmu uku sun shigo, biyu maza, ɗaya mace, su ma za su gida. Zanen ya zame, gefen masakin ya fito, baƙi ƙirin don tsufa, ɗinki a kan ɗinki. Ɗaya ya ce, "Malam, gidan tarihi za ka kai wannan?" Suka yi dariya. Ba dariyar mugunta ba ce. Amma na ji fuskata ta yi zafi. Da mai lodi ya leƙo ya ce in kawo a sa a sama, sai na miƙa masa.

Ina kallo ta taga ya ɗago buhun albasa. Na san inda zai sauke shi. Kalma ɗaya ta isa, "tsaya". Na buɗe baki, na ga idon 'yan ajinmu, na rufe. Na ji ƙarar a saman kaina. Ba ta da ƙarfi, kamar an taka busasshen kara.

A Argungu na jira kowa ya watse, na karɓi ƙullin zanen, na ji yana ƙwal-ƙwal a ciki. Na tsaya a bakin tasha na daɗe. Na san Kaka za ta iya ɗinke shi, gida biyar ba komai ba ne a wurinta. Ba fashewar nake tsoro ba. Tambayar nake tsoro. Ƙaƙa anka yi? Kuma amsar ita ce, na ji kunyar a gan ni da aikin hannunta. In na ce tsautsayi ne, masakin zai nuna mata cewa nauyi ne ya sauko masa daga sama.

Sai na ba wani mai shago ajiyar ƙullin, na shiga kasuwa na sayi babban baho na roba, shuɗi, na kai mata. Na ce masakin ya ɓata a mota, wani ya sauka da shi.

Ta dubi bahon, ta dube ni. Ta ce, "Ya ɓace?"

Na ce, "I."

Ta ce, "To. Allah Ya sa wanda ya ɗauka yana da jariri." Ta tashi ta dama mini fura.

Da zan koma na karɓi ƙullin, na sa shi a buhu, na tura ƙarƙashin gado. Ban iya yar da shi ba, ban iya kai shi ba. Na ce bayan jarrabawa. Na ce da Sallah. Na ce in an yi hutun ƙarshen shekara. Sau biyu ina fito da buhun har bakin ƙofa ina mayarwa. Na je Argungu ya fi sau goma a tsakanin. Kullum tana tarbata da wasanta, ba abin da ya canza, sai abu ɗaya da ban fahimta ba sai daga baya: in na yi sallama, hannuna take fara duba kafin fuskata.

A cikin wannan lokacin yayata ta haihu. A bahon roba aka yi wa yarinyar wanka, ita ce ta farko a zuriyarmu da ba a yi wa a masakin ba. Kaka da kanta ta yi mata. Ina tsaye a bakin ƙofa na ji ta ce, "Ku ƙaro ruwan zafi, abin nan bai riƙe ɗumi." Iyakar abin da ta taɓa faɗa ke nan a kan bahon.

Zazzaɓi ne na kwana huɗu ya ɗauke Kaka, lokacin yankan shinkafa. Saƙo ya iske mu da safe. Kafin mu iso an kai ta.

Bayan sadakar bakwai na koma Birnin Kebbi, na ɗauko buhun, na dawo. A cinya na riƙe shi har Argungu. Na sami mahaifiyata ita kaɗai a ɗakin Kaka tana ninke zannuwa. Na durƙusa, na kwance ƙullin a gabanta.

Ba ta yi mamaki ba. Ta ɗauki ɓari ɗaya, ta shafa ɗan gajeren ɗinkin nan nawa.

Ta ce, "Sai yau?"

Na ce, "Inna, kin sani?"

"Duk gidan ga an sani. Direban da ya kawo ka surukin maƙwabcinmu na. Tun ranar, bayan la'asar, ya zo ya durƙusa nan inda kake, ya ba ta haƙuri. Ya ce ya ga ka kwashe shi cikin zane."

Na ce, "To me ya sa ba ta..."

"Ni na so in yi maka magana, ta hana. Ta ce, 'Ku ƙyale mani miji. Mai kunya busasshiyar kaba na, in ka tanƙwara shi da ƙarfi karyewa yakai. Ku bari ya yi laushi da kanshi, zai kawo.'"

Ta miƙa hannu bayan randa ta jawo ɗan jan kwanon nan na Kawu. Akwai kaba a ciki, an tsaga ta siri-siri, doguwa, irin wadda ake yi wa babban aiki. Ruwan ya ƙafe, ta bushe ta manne a gindin kwanon.

"Duk ranar da anka ce kana tafe, tun da safe take jiƙa ta. In ka koma, ta tsame ta, ta shanya. Wannan ta Juma'ar da ta wuce kafin ta kwanta ce. Ka ce za ka zo, ba ka zo ba."

Ban zo ba saboda ina bitar darasi.

Ban san tsawon lokacin da na ɗauka a durƙushe ba. Kawu ya shigo, karo na farko da ya iya tsallake ƙofar. Ya ga kwanon, ya ga masakin, bai tambayi komai ba. Ya duba cikin kayan ya ɗauki ludayin nan da duk muke jin haushi, ya sa a aljihun babbar rigarsa, ya fita.

Na zuba ruwa a kan kabar. Na hura garwashi a kaskonta. Kwana huɗu na yi a gindin rumfar. Na auna kowace huda, tazararsu daidai kamar layin littafina, ko ita ba ta jera su haka. Da na gama na shafe da ƙaro, na bari ya bushe, na zuba ruwa. Kafin in miƙe tsaye ya tsiyaye ƙasa ta wuri uku. Mahaifiyata ta ce ba komai, za ta riƙa zuba auduga a ciki. Matar nan ta ƙetaren gulbi ta bar ƙwaryarta a gidan tun ranar uku, ba ta dawo ɗauka ba. Tana nan a rataye. Ban taɓa ta ba, ban isa ba.

Yanzu in na ratsa bayan gidaje a Nassarawa ina ganin tsagaggun bokitai a juji, ja da kore, rana ta koɗar da su. Ba wanda ya tambayi yadda aka yi suka fashe. Ba na zargin kowa. Ni kaina baho na saya.

Kaka, ba kya huda sai an gaya miki. To ga shi. Ba a sace shi ba. A cinyata yake, kamar yadda kika ce. Aka yi mini dariya, na ji kunyarki, na miƙa shi sama. Na ga an ɗago buhun albasa, na yi shiru. Haka aka yi ya fashe.

Allah Ya gafarta miki, Ya yalwata miki makwanci, Ya haɗa ki da waɗanda kika yi wa wankan farko suka riga ki tafiya. Ni kuma Ya yafe mini. Kabar ta yi laushi, Kaka. Na kawo.